Yadda Na Koyi Ƙirga Takwas

A shekarar da aka buɗe koren layin jirgin ƙasa na Metro na sauka Dubai, da akwati ɗaya da takardar ɗaukar aiki a wani kamfanin jigilar kaya da ke Jebel Ali. Shekarata ashirin da uku. Aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta in tabbatar lambar da ke jikin kwantena ta yi daidai da wadda ke kan takarda. Ba aiki ne mai wuya ba, kuma ba wanda zai ce na fi wani iyawa. Da zan kwanta ciwo wata safiya, 'yar Indiyar da ke teburin gefena za ta haɗa nawa da nata ta gama kafin azahar.

Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata, don a gida ban saba zama ɗaya daga cikin taro ba. A danginmu na Yakasai ba ni ce na fi kyau ba, ba ni ce na fi iya girki ba, amma an san ni da rawa. Gidanmu na cikin waɗanda har lokacin ba su yarda da kiɗan sifika a yinin biki ba, sai an kira mai kalangu. In aka ce na shiga fili, masu rabon abinci ma ajiye ludayi suke su leƙo. Ban taɓa koya a wurin kowa ba, kuma ban taɓa jin ƙafata ta saɓa wa kiɗa ba ko sau ɗaya. Ita kaɗai ce abin da na zo da shi Dubai wanda nake da tabbacin nawa ne, ga shi na yi wata takwas ban sami inda zan fito da ita ba.

Mu shida ne mata a wani fulat mai ɗaki biyu a Hor Al Anz, saman shagon masu gyaran firji. Gadajen masu hawa biyu ne. Ni ce a sama, a ƙasana wata 'yar Zongon Kumasi ce da ta girme ni da kamar shekara bakwai, shi ya sa nake ce mata Yaya. Hausarsu ta Zongo ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. A makon farko abin ya riƙa sukata, har na kasa haƙuri.

Na ce, "Yaya, ni fa mace ce."

Ta ce, "Na sani mana. Ka ci abinci?"

Daga ranar na bar maganar.

Yaya shara da goge-goge take yi a wani ɗakin koyon rawa na mata zalla a Al Quoz, sitidiyo suke ce masa. Ita ke goge madubi da dandamalin katako, ita ke wanke tawul. Wata Juma'a ina guga, rediyon wata 'yar Uganda da muke zaune tare tana tashi, ashe kafaɗuna suna motsi ban sani ba. Yaya ta daina tsinke alayyahun da ke gabanta ta ce, "Ka iya rawa ne?"

Na ajiye dutsen guga na dube ta sama da ƙasa. Na ce, "Yaya, tambaya kike?"

Dariya ta yi. Bayan kwana uku ta ce ta yi wa malamarsu magana, an yarda in zo in gwada aji ɗaya.

Wanda bai san Al Quoz ba, ba zai taɓa cewa ana rawa a can ba. Rumbunan ajiye kaya ne jere, da garejoji, da manyan motoci masu ja da baya suna ƙara. Iskar wurin warin taya take da fenti. Ƙofar sitidiyon ta ƙarfe ce, tsakanin wani kafinta da masu sayar da batir. Amma kana turawa sai sanyi ya buge ka, ga katako yana ƙyalli, ga madubi ya cinye bango guda. Na tarar da 'yan mata kusan goma sha biyar, yawancinsu sa'o'ina: 'yan Filifin, 'yan Indiya, 'yan Masar biyu, da wata doguwar 'yar Rasha mai aikin jirgin sama. Duk daga wurin aiki ko makaranta suke, kowa da jakarta a gindin bango. Na sa wando mai faɗi da babbar riga, na ɗaure ɗankwalina tamau. Ba wanda ya nuna mini wuri, don haka na je na tsaya a layin gaba, inda a ganina ya dace da ni.

Malamar 'yar Labanon ce, gajera, mai askakken gashi, muryarta ta fi jikinta girma. Ta nuna mana taku takwas a hankali, ta ƙara wasu takwas. Ban ga abin wahala a ciki ba, har na ɗan ji tausayin waɗanda ke maimaitawa a gefe. Sai ta danna sifika, ta tafa hannu, ta ƙirga da Turanci, "Biyar, shida, bakwai, takwas."

Ɗakin gaba ɗaya ya tafi hagu. Ni ma na tafi hagu, amma da na isa sun riga sun juyo. Na bi su, sai na wuce su. A madubi ina ganin mutum goma sha biyar suna abu guda, ga wata mai ɗankwali a gaba tana nata daban.

Malama ta ce, "Habibti, kin makara."

Aka sake. Ta ce, "Yanzu kuma kin yi sauri. Shwaiya shwaiya, a hankali."

A karo na huɗu ta riƙo hannuna da murmushi ta kai ni layin baya, wai daga nan zan fi ganin ƙafafun sauran. Ina ganin Yaya ta madubi, tana can bakin ƙofa da tsumma a hannu, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

A hanyar komawa gida, cikin tarago na mata, ba abin da ban faɗa ba. Na ce wannan ba rawa ba ce, fareti ne. Na ce kiɗan nasu ba shi da rai, in ka saurara da kyau injin markaɗe ne kawai. Na ce mutumin da sai an ƙirga masa kafin ya ɗaga ƙafa, ai gara ya je ya yi lissafi. Yaya tana riƙe da ƙarfen tarago tana ta gyaɗa kai.

Da na yi shiru ta ce, "To ba za ka koma ba ke nan."

Na ce, "Wa ya ce?"

Na yi rajista. Talata bayan an tashi aiki, da Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Daga Jebel Ali zuwa Al Quoz ba nisa sosai a Metro, sai ɗan tattaki tsakanin manyan motoci. Na yi wata ɗaya da rabi a layin baya, kuma ban gyaru ba. Takun duk na haddace su, har ina nuna wa 'yar Filifin ɗin da ke tsayawa kusa da ni, wata mai aiki a kantin magani. Amma da zarar an danna kiɗa sai ita ta tafi daidai, ni in rage. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a jikina ban jin na yi kuskure. Sai na ɗaga kai na ga madubi.

Duk bayan wata uku sitidiyon na yin ɗan wasa, ɗalibai su gayyato 'yan uwansu mata da ƙawaye su zo su kalla. Mutum goma sha biyu malama ke zaɓa daga ajinmu. Saura mako shida ta tsayar da ni bayan aji, ina ɗaura takalmi. Ta ce a duk ɗakin ba wadda jikinta ke jin rawa kamar nawa, kuma ta faɗa ne ba don ta lallashe ni ba. Amma in ban riƙe ƙirge ba, ba za ta sa ni a layi ba, don mutum ɗaya in ya saɓa, shi kaɗai 'yan kallo za su gani. Na ce na gode. Na fito na tsaya a inuwar shagon batir sai da idona ya huce.

Juma'ar da ta biyo baya, da hantsi, ruwan sha ya ƙare a fulat, babbar gorar roba tana ajiye a bakin kicin ana jiran mai kawo wata. Ina kwance a gadona na juya wa ɗaki baya. Yaya ta ɗauki gorar ta saƙale ta a hammata, ta ƙwanƙwasa ƙarfen gadona.

Ta ce, "Sauko. Yi rawa in gani."

Na ce, "Da wane kiɗan?"

"Kai dai fara."

Na sauko ina ƙunƙuni. Na ɗaga ƙafar dama na ajiye don ta ƙyale ni, sai gorar ta ce dum daidai inda ƙafar ta sauka. Na ajiye ta hagu, ta amsa. Na yi taku uku da sauri, ta biyo ni. Akwai wani ɗan jinkiri da nake yi tun ina yarinya kafin in juya: in dakata, in sauke kafaɗa ɗaya, in bar mutane su zata na gama. Na yi shi. Gorar ta yi tsit tare da ni, sannan muka faɗo tare. 'Yan Uganda biyu suka fito daga ɗaya ɗakin, ɗaya da buroshi a baki. Tsakanin gado da kabad ɗin kaya bai fi taku huɗu ba, amma a nan na yi rawar da rabona da ita tun bikin 'yar kawuna. Da na tsaya ina haki, wani daɗi ya cika ni har ina jin kamar in yi kuka.

Na ce, "Kin gani ko? Ni ba abin da ke damuna. Kiɗansu ne."

Yaya ta ajiye gorar ta zauna bakin gado. Ta ce wata ɗaya da rabi tana kallona ta madubi tana goge-goge, sai da ta gane. Kawunta makaɗi ne a Kumasi, dondo yake kaɗawa, abin da mu muke kira kalangu, kuma a gabansa ta girma.

Ta ce, "Kai ba makara kake yi ba. Jira kake kiɗa ya bi ka. A wurinmu mai ganga ne ke bin mai rawa. Kawuna in yana kiɗa, ƙafa yake kallo, ba ya kallon komai. In ka yi sauri ya yi sauri, in ka tsaya ya tsaya. Sifika fa ba shi da ido koraa, ko kaɗan."

Sai na tuna mai kalangun da ake kira gidanmu, wani dattijo siriri mai jar hula. Duk shekarun da na yi ina rawa gabansa, kansa a sunkuye yake, idonsa a ƙasa. Ni a zatona kunya ce, ba ya son ya kalli fuskar 'ya'yan gida. Har yabonsa nake a raina, ina cewa mutumin kirki ne mai kamun kai. Ashe ƙafata yake karantawa.

Yaya yabona take yi, na gane haka daga baya. Nufinta ni mai jan kiɗa ce, kuma ba kowa ke iya jan kiɗa ba. Amma ni abin da ya shiga kunnena daban ne. Na ji cewa duk shekarun da nake taƙama ban taɓa saɓa wa kiɗa ba, wani tsoho ne ke rufa mini asiri. Duk inda na jefa ƙafa, daidai ko ba daidai ba, yana sa ganga a ƙarƙashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a kanta na sauke.

Na ce, "Wato dai ban iya ba ke nan. Lallaɓa ni ake yi."

Ta ce, "Ban ce haka ba. Na ce ka bar musu ajin. Abin da kake da shi ba a sayar da shi a Al Quoz. In ka matsa, za ka iya nasu, amma ban sani ba ko naka zai jira ka."

Na ce rawa ba miya ba ce da za ta lalace don an ajiye ta. Na ce sai na shiga cikin sha biyun nan ko da ƙafata za ta tsinke, in ga ko akwai mai cewa wani ne ya rufa mini asiri. Yaya ta tashi ta mayar da gorar bakin kicin.

Mako shida na yi ina ƙirge. A Metro na sa waƙar ajin a kunne ina buga yatsa a gwiwa, ɗaya zuwa takwas, in koma ɗaya. Matakalar fulat ɗinmu takwas-takwas nake hawa. A ofis ina duba lambobin kwantena ƙafata tana aiki ƙarƙashin tebur, har 'yar Indiyar ta tambaye ni ko sanyin na'ura ne ya yi mini yawa. Abin ya kai bayan salla ina jan carbi sai in tsinci kaina na tsaya a takwas, in yi istigfari in sake daga farko. 'Yar Filifin ɗin nan ta taimake ni sosai. Tana rawa tana ƙirga mini a hankali ta gefen baki, in na fara zamewa sai ta ɗan ɗaga murya.

Wanda ya fi wuya shi ne ɗan jinkirin nan nawa. Kullum muka zo juyi sai kafaɗata ta sauka da kanta, in dakata, layi ya wuce ni. Malama ta tsayar da kiɗa wata Talata ta ce, "Yana da kyau, wallah yana da kyau. Amma khalas, ya isa, babu wurinsa a nan. Juyi a kan biyar yake." Ta tsaya bayana ta ɗora tafin hannunta a kafaɗata, muka yi juyin sau ashirin, duk sanda kafaɗar ta nemi sauka sai ta tare ta. Na dawo gida na ci gaba a gaban madubin banɗaki. Cikin mako biyu kafaɗar ta daina neman sauka.

Ba zan yi wa ajin nan butulci ba. Ranar da na fara dacewa, na ji wani abu da ban taɓa ji a filin biki ba. Ƙafa talatin da biyu suka sauka a katako lokaci guda, ƙara ɗaya, har na ji ta a haƙorana. Na ɗaga kai na nemi kaina a madubi, sai da na ɗan duba kafin na gane wacce ce ni. 'Yan matan da ban san ko sunan garuruwansu ba, muka zama kamar mun tashi gida ɗaya. Bayan aji muka zauna a ƙasa muna raba dabino da ruwa, 'yar Rasha tana cire filasta daga yatsun ƙafarta, 'yan Masar suna koya mana zagin da bai kamata mu sani ba. A garin da kowa ke gudun kama bas, wannan sa'a ɗaya da rabi ta zame mini wurin hutawa.

Na shiga cikin sha biyu. Layi na biyu aka sa ni, ta hannun dama. Ranar wasan ban saɓa ko rabin taku ba. Da muka gama Yaya tana bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Na so ta ce wani abu fiye da haka, amma aiki ya yi mata yawa ranar.

Na ci gaba da zuwa fiye da shekara guda bayan nan. Na koma layin gaba, wannan karon malama ce ta kai ni da kanta. In sababbi suka zo, cewa take su kalli ƙafata. Maganar da muka yi da Yaya ban sake tuna ta ba, ita ma ba ta sake tayar da ita ba. A fulat an canza mutane, wadda ta zo sabuwa aikin dare take yi tana barci da rana, don haka ba mai buga komai.

Sai wata 'yar garinsu Yaya ta haihu, mijin ya kama ɗan zauren taro a wani ƙaramin otal a Deira don walimar suna, ranar Asabar bayan la'asar. Abin da ya sa kowa ke zumuɗi shi ne za a yi kiɗa na gaske. Akwai wani mutumin Kumasi da ke tuƙa motar ɗaga kaya a Jebel Ali, wanda ya sa aka kawo masa dondonsa cikin kayan jirgi. Mako biyu Yaya tana ta waya, ina jin ta daga gadon sama.

"Zan zo da ƙanena na Kano. Za ku ga rawa. Ni na gani da idona, da gorar ruwa kawai."

Ni ma na yi ɗoki. Na fito da atamfar da ban taɓa sawa a Dubai ba, na kai aka goge. A raina ina cewa da can ma yaya aka ƙare, balle yanzu da na ƙara ilimi a kai.

Zauren ya cika da mata cikin leshi da manyan ɗaure-ɗaure, maza 'yan kaɗan a gefe guda. Ƙamshin shinkafa da wake irin tasu da soyayyen barkono ya rufe na turare. Makaɗin mutum ne mai kamar shekara arba'in da biyar, kakkaura, da tabon igiya a tafin hannu. Mata suka riƙa shiga biyu-biyu, uku-uku. Akwai wata mai jiki da ta shiga tana tafiya kamar ba ta so, ganga tana lallashinta, har ta saki jiki zauren ya ɗauki guɗa. Ina zaune ƙafata tana motsi cikin takalmi.

Yaya ta je ta raɗa wa makaɗin wani abu, ta dawo ta ja ni tsakiya, ta ce a ba da fili. Aka ja kujeru baya. Makaɗin ya matso, ya gyara dondon a hammata, ya ɗaga sandar kiɗa, ya sauke idonsa kan ƙafata.

Na tsaya. Shi ma ya tsaya.

Ina jin ƙarar na'urar sanyi da kukan jaririn daga can baya. Ban san me nake jira ba sai da na ji leɓena yana motsi. Jira nake wani ya ce biyar, shida, bakwai, takwas.

Makaɗin ya ce a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Fara, 'yar uwa. Ina bayanka."

Na ƙirga wa kaina a zuci na fara. Ya bi ni kamar yadda ya yi alkawari. Duk inda na sa ƙafa, ganga na nan. Amma abin da ke fitowa daga gangar, bugu ne ɗaya bayan ɗaya, tazara iri guda, kamar mai daka shi kaɗai a turmi. Mintuna kaɗan da suka wuce gangar nan magana take yi. Na san ba laifinsa ba ne, abin da ƙafata ta ba shi ne yake mayar mini.

Na ce bari in yi jinkirin nan nawa. Na neme shi na samu, na sauke kafaɗa, na dakata. Sai dai na san daidai tsawon dakatawar kafin in yi ta: bugu ɗaya, a kan huɗu, in juya a kan biyar. Shi ma ya sani, kowa a zauren ya sani. Ba wadda ta zata na gama.

Mutumin ya so ya taimake ni. A tsakiyar takwas ta uku ya matse dondon ya jefo wani ɗan gudu a gefen bugun, ya bar mini sarari in shiga. Irin wannan ne da can nake cafkewa tun kafin ya sauka, in mayar da martani da ƙugu, mu yi ta ja-in-ja har fili ya rikice. Ƙafata ba ta ko gezau ba, ta ci gaba da abin da take yi. Abin da ya zo mini a zuci, da muryar malama sak, shi ne: ya makara.

Ya sake gwadawa sau ɗaya, sannan ya haƙura ya koma bina tiryan-tiryan. Na cika takwas sau takwas na tsaya cak, hannu a sama, yadda muke rufewa a aji. Aka tafa mini. Tafi ne na mutunci, irin wanda ake yi wa baƙo.

Makaɗin ya ɗago ya dube ni a karon farko, ya share goshi da hannun riga. Ya ce, "Ka yi daidai paa, sosai. Ba kuskure ko ɗaya." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ba a taɓa gaya mini maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba.

Na nemi Yaya da ido ban gan ta ba. Na zagaya bayan zauren inda ake zuba abinci a robobi don masu tafiya da shi, na karɓi cokali daga hannun wata na fara zubawa. Can sai ga ta ta zo ta tsaya gefena, tana ɗaukar robar da na cika tana rufewa. Muka cika robobi kusan goma. A bayanmu gangar ta sake tashi, an shigar da wata, mata suna ta guɗa.

Yaya ta ce, "Ka gaji ne. Aiki ya yi maka yawa makon nan."

Na ce, "E, Yaya. Na gaji."

Ta miƙo mini wata robar, na ci gaba da zubawa.